Littafin da Ya Zo Cikin Motar Albasa

Ina da 'ya'ya huɗu na koma makaranta. A lokacin na daɗe ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Jega, ina gani ana kawo yaran da na girma ana ɗora su a kaina, don kawai suna da digiri ni ba ni da shi. Da na ji an buɗe karatun ƙarshen mako a jami'ar da ke Aliero sai na shiga. Asabar da Lahadi nakan bar wa ƙanwar maigidana yara, in je tasha in hau mota, in dawo da la'asar kaina na sarawa.

A shekara ta biyu aka sa mana darasin falsafa, kuma dole ne kowa ya yi. Malamin da ya ɗauke mu dokta ne, dogo, mai tsabta, ba ya makara kuma ba ya wasa da aikinsa. Ba zan ci amanarsa ba, ya san abin da yake koyarwa. Ranar farko ya ce duk zangon littafi ɗaya za mu karanta, na wani malamin Girka da ya rayu tun kafin zuwan Annabi Isa, littafin da ke magana kan halin kirki da abin da ke sa a ce mutum ya yi kyakkyawar rayuwa. Ya ɗaga wani tsohon kwafi mai baƙin bango ya ce wannan fassarar za mu yi aiki da ita, ita kaɗai, ta wani Bature da ya mutu tun zamanin kakanninmu. Ya ce kowa ya je ya ɗauki hotonta a shagon bakin ƙofa.

Na yi yadda ya ce. Na zo gida da damin takardu, washegari bayan sallar asuba na zauna a tsakar gida na buɗe shafin farko. Na karanta jimla ta farko, kafin in kai ƙarshenta na manta farkonta. Na koma, na sake komawa. Ni da nake tsayawa gaban allo ina gyara wa yara Turanci, sai ga ni ina bin layi da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Kalmomin na san yawancinsu, amma an jera su a wani irin tsohon salo da ba wanda ke magana da shi yanzu, jimla ta shiga cikin jimla ta shiga cikin wata, sai ka nemi mai aikata aikin ka rasa.

Makonnin farko kaina na zarga. Na ce haihuwa da girki sun cinye mini ƙwaƙwalwa. Sai ranar wata Asabar na tambayi matar da muke zama kujera ɗaya, ma'aikaciyar jinya ce daga Fagada, na ce ita tana ganewa? Ta yi dariya ta ce, "Ganewa? Wa ya ce miki ana ganewa? Haddacewa ake yi a zuba masa a jarrabawa, a wuce."

Wannan maganar ce ta ɓata mini rai, ba littafin ba. Ban bar yarana da wanki da ɗan hutun da nake samu ba don in zo in haddace abin da ban sani ba. Idan mutumin nan na Girka yana da magana, ina so in ji ta. Idan ba shi da ita, ina so in tabbatar da kaina.

Maigidana direba ne, yana jan bas tsakanin Jega da Maiyama. Ya ga yadda nake fama da takardun ina tsaki, sai ya ce, "Malama, mi zai hana ki tahi wajen kawunki? Tsohon nan ai shina da littattafai cike da akwati."

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya ya zauna a Maiyama. Ranar da ba ni da aji na bi motar maigidan, na zauna gaba kusa da shi, bayanmu mata da kwanduna da wani mutum mai riƙe da zakara. Na tarar da Kawu a zaure kan kujerarsa ta kwance. Idanunsa sun yi rauni, amma kunne da baki suna nan. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce in karanta mishi ya ji.

Na karanta sakin layi guda, ina tuntuɓe. Ina ɗaga kai sai na ga ya lumshe ido yana gyaɗa kai kamar mai jin kiɗa.

"Kin ji Turanci!" ya ce. "Wanga shi ne wanda munka koya. Ba irin naku na yanzu ba, awa ruwan da anka wanke tukunya."

"To Kawu, me ya ce?"

Ya buɗe ido. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya kama bayani, ya yi nisa, sai ya tsaya ya ce a'a, kamar ba haka ba ne, ya koma ta wata hanya. Na ce, "Kawu, daɗin ji ne da shi, na yarda. Amma ni ba daɗi na zo nema ba."

"Ɗiyar nan, tun kina ƙarama ba ki da ta ido," ya ce, yana dariya. Ya ce malamina yana da gaskiya, wahala ita ke gyara ɗalibi. Muka ja, ban sakar mishi ba, shi ma bai sakar mini ba. Da zan tafi ya sa na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Cikin tsoffin littattafan da gara ta ɗan taɓa akwai wannan littafin na Girka, amma wata fassarar ce daban, ƙarama mai bangon takarda, ta yi ja don tsufa. Ya ce wani abokin aikinsa ne ya bar mishi tun suna samari. Ya ce in ɗauka, amma in sani ba da yardarsa nake guje wa Turancin gaske ba.

A hanyar dawowa na buɗe ta a cikin mota. Sai na ji kamar an buɗe taga. Jimloli gajeru, magana tana tafiya sumul, kafin mu shigo Jega na ci shafuka da dama. A ranar ne na fara sanin cewa ashe littafin nan ba Turanci ɗaya gare shi ba. Ya kamata a ce na sani tun da, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa tsakanina da mutumin Girka akwai wani mutum a tsaye, yana zaɓar kalma yana barin wata ba.

Murnata ba ta daɗe ba. Da na ajiye fassarorin biyu gefe da gefe na fara gwadawa, sai na ga ta Kawu tana da nata halin. Inda tsohuwar ta yi layi shida tana ƙulle-ƙulle, ita sai ta yi layi biyu ta wuce. Da farko na ce gwaninta ce. Daga baya na lura akwai wuraren da take tsallake wahalar gaba ɗaya, ta sa wa mutumin magana mai daɗi a baki wadda babu alamarta a ɗaya fassarar. Wata kalma da ke ta maimaituwa a tsohuwar, a nan yau a kira ta da wannan suna, gobe da wancan, har ka kasa gane abu ɗaya ake nufi. Na ce to, wannan kuma lallashina take yi. Ɗaya ta rufe mini ƙofa, ɗaya ta ɗauke ni yarinya.

Na shiga waya na yi ta bincike a lokacin hutun tara a makaranta. Na ga mutane a ƙasashe daban-daban suna irin gardamar da nake yi da kaina, wannan ya yabi wannan, wancan ya kushe ta. Na ga an ambaci wata sabuwar fassara da malaman jami'a biyu suka yi, aka ce ba ta da ado amma ba ta da ha'inci. An sa 'yan shafukanta kyauta, na karanta su a ƙaramin gilashin waya har idona ya yi ruwa. Na nema a Jega babu, na aika Birnin Kebbi babu, Sakkwato ma aka ce ba a kawo irinta.

Maigidana ne ya sake fitar da ni. Yana da aboki mai babbar mota da ke ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Na rubuta sunan littafin da na masu fassarar a takarda da manyan baƙaƙe, na kuma tura mishi hoton bangon a waya, na ce ko kama ya yi da shi in ba shi ba ne kada ya karɓa. Mutumin ya ce shi tun da yake bai taɓa shiga shagon littafi ba, amma don matar abokinsa zai shiga. Tafiyarsa ta farko ya dawo hannu wofi. A ta biyu sai ga maigida ya shigo da ƙunshi a baƙar leda. Littafin ya kwana a gaban mota tare da direba tun daga Ibadan, yana warin albasa da gas. Na sa shi a rana, na sa mishi turare, warin ya ƙi fita.

Ita wannan ba ta da zaƙin ta Kawu. Busasshiya ce. Amma inda magana ta yi wuya sai ta bar ta da wuyarta, ta sa ƙaramar lamba, a ƙasan shafi masu fassarar su ce nan ba mu da tabbas, ana iya fahimtarsa ta hanya biyu, ga su. Ban taɓa ganin littafin makaranta ya ce bai sani ba sai a nan. Kalmar nan da ta dame ni kuwa sun tsaya a kanta tun a gabatarwa. Tsohon Baturen ya fassara ta da wata kalmar Turanci da a kunnenmu take nufin tsarkin hali, irin wanda ake yaba wa mace mai kamun kai. Su kuma suka ce mutanen Girka da kalmar nan suke yabon doki mai gudu da wuƙa mai kaifi da mutum mai kirki, duka. Ina karanta haka na ce a fili, "Nagarta!" Doki nagari, wuƙa tagari, mutum nagari. Ashe kalmar tana bakinmu tun fil azal, Turancin ne ya ɓoye mini ita.

Na yi wa kaina gwaji ɗaya kafin in yanke shawara. Na je garinmu, Jiga Makera, lokacin ana fitar da albasa daga rudu, rumbun da ake adana ta, ana tsince ruɓaɓɓu. Na zauna kusa da Inna, mahaifiyata, a inuwa muna tsinta, na ce zan gaya mata abin da wani malami na can da ya ce. Na ɗauki wuri ɗaya da na karanta a fassarorin uku. Da ta farko ban iya mayar da komai Hausa ba. Da ta Kawu na iya, amma da Inna ta yi tambaya sai na ga babu abin da zan dafa. Da sabuwar na ce mata, mutumin yana cewa ba a haihuwar mutum da kyauta ko rowa, da yi ake zama, mai bayarwa yau da gobe shi ke zama mai kyauta.

Inna ta jefar da wata ruɓaɓɓiya gefe ta ce, "Wanga ai kowa ya sani. Har Ibadan anka tahi don wanga?"

Na ce akwai saura. Yana cewa kuma wanda ba shi da dukiya ko dangi ko 'ya'ya nagari, ko da halinsa ya yi kyau, rayuwarsa ba ta cika ba. Nan Inna ta ajiye aiki. Ta ce ƙarya ne, ta kawo mini misalin wata tsohuwa a unguwarmu da ta binne 'ya'yanta duka ta mutu ba ta da ko akuya, amma ba a taɓa jin ta yi kuka da Allah ba. Na ce shi ba zai ce ba ta da kirki ba, zai ce an rage mata wani abu. Ta ce wa ya ba shi mudun awo? Muka yi ta yi har aka kira la'asar. Ina tafiya gida na san na gama zaɓe. Fassarar da ta sa na iya yin gardama da uwata a kan maganar mutumin, ita ce tawa.

Ranar da aka sa ni gabatar da babi a gaban aji, na fito da littafina na ajiye a kan tebur. Ban ɓoye shi cikin jaka ba kamar yadda abokiyar zamana ta ba ni shawara. Na fara bayani, na karanta layi biyu daga ciki. Dokta ya ɗaga hannu.

"Dakata, Malama. Wannan daga ina kike karantawa?"

Na ɗaga littafin na nuna mishi.

"Na ce fassara ɗaya za a yi aiki da ita. Wa ya ba ki izinin sauyawa?"

"Ranka ya daɗe, ban sauya littafi ba. Shi ne dai, babin nan ne. Wanda ya kawo shi Turanci ne daban."

Ya ce ya zaɓi tsohuwar ne da dalili. Da ita aka koyar da shi, da ita aka koyar da malamansa, kowa yana iya samun ta, kuma idan ya ce a buɗe shafi kaza dole kowa ya ga abu ɗaya. Na ce wannan ba zai zama matsala ba, domin akwai ƙananan lambobi a gefen shafi, iri ɗaya ne a tasa da tawa, in ya faɗi lamba zan iske shi a wurin. Ya ce waɗannan sababbin fassarorin ragwanci suke koya wa ɗalibi, tsohuwar ita ce ta asali.

Da ya tsaya a kan dalilansa na farko, wataƙila da na yi shiru. Kalmar asali ce ta tayar mini.

"Ranka ya daɗe," na ce, "shi mai littafin ai bai ji Turanci ba. Ko tsoho ko sabo."

Aji ya fashe da dariya. Ban so haka ba, amma ta riga ta fita. Fuskarsa ta canza. Ya jira aka yi shiru, sannan ya tambaye ni a hankali ko ina jin Girkanci. Na ce ba na ji. Ya ce to da me na auna har na san wadda ta fi?

Na ce da abin da nake da shi. Na jera uku na gwada. Na ga wadda ke riƙe kalma ɗaya da suna ɗaya daga farko har ƙarshe, na ga wadda ke faɗa mini inda ba ta da tabbas. Na ce wanda ba ya jin harshen mutum, in tafinta uku suka zo mishi, ai yana iya gane wanda ke cewa nan ban ji sosai ba da wanda ke wucewa kamar ya ji komai. Bakina ya so ya tambaye shi ko shi yana jin Girkancin. Na riƙe. Shi da kansa ya ce shi ma ba ya ji, amma shi ne malamin darasin, kuma tambayoyin jarrabawa daga tsohuwar za su fito, kalma da kalma. Ya ce in ci gaba. Na ci gaba da littafina har na gama babin.

Bayan an tashi 'yan ajin suka yi mini caa. Wani dattijo, shi ma malamin firamare ne, ya ce in je in ba da haƙuri tun wuri, digiri nake nema ba gaskiya ba. Abokiyar zamana ta ce in mayar da littafin gida in karanta abina a ɗaki, wa zai sani? Na ce abin da ba zan yi ba ke nan. Ba sata na yi ba da zan riƙa ɓoyo.

Amma na je ofishinsa. Na yi sallama, na rusuna na gaishe shi. Na ce na zo ba da haƙuri a kan dariyar da na jawo, bai kamata ɗaliba ta sa a yi wa malaminta dariya ba, kuma har zuciyata na faɗa. Ya ce ya wuce. Ya ɗan saurara, yana jiran sauran. Na ce littafin kuwa zan ci gaba da zuwa da shi. Zan karanta tasa ma, tunda daga ita zai yi tambaya, amma in na zo amsawa da abin da na gane zan amsa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kin zaɓa." Na ce na zaɓa, ranka ya daɗe.

Sauran zangon aiki biyu na yi. Duk babi sai in karanta shi a tawa har in gane, sannan in koma tasa. Abin mamaki, da na riga na san inda maganar ta dosa sai tsohon Turancin ya fara buɗe mini. Har na samu wasu jimloli da na ji abin da Kawu yake ji. Na gaya mishi haka da na je Maiyama, ya yi ta murna yana cewa na dawo hanya. Na ce ban dawo ba, sabon Turancin da ya raina ne ya kai ni. A aji kuwa Dokta bai sake ce mini komai a kan littafin ba, bai kuma sake nuna ni in yi magana ba. Ni kuma kullum yana kan teburina a buɗe.

A jarrabawa ya kawo wurare daga tsohuwar ya ce a yi bayani. Waɗanda suka haddace suka zuba mishi kalmominsa. Ni na rubuta abin da mutumin yake nufi da Turancina na yau da kullum, inda ake iya fahimta ta hanya biyu na faɗi duka biyun, har a wata tambaya na ce ban yarda da shi ba, na kawo misalin tsohuwar unguwarmu ban faɗi sunanta ba.

Da sakamako ya fito muka taru a gaban allo muna leƙe. Na ci, amma da ƙyar. A duk darussan da na yi a wurin nan babu inda na samu maki ƙasa da wannan. Ban je na tambayi dalili ba, ban kuma ce ya zalunce ni ba, domin ya faɗa tun farko abin da yake so, ni ce na ƙi ba shi.

Mota ɗaya muka shiga da abokiyar zamana daga Aliero. Ita ta samu maki mai kyau. Muna matse a baya ta ce, "Kin ga abin da taurin kai ya ja miki. Da kin bi a hankali da yanzu kina sama."

Na ce mata, "To gaya mini abu ɗaya da mutumin Girkan ya ce."

Sai ta kwashe da dariya ta ce wallahi tun ranar da ta fito daga ɗakin jarrabawa ta zubar da shi a bakin ƙofa, kuma ba ta nemansa. Na ce ni ina nema. Ta ce in je in dafa shi in ba yara su ci. Muka yi ta dariya har mutumin da ke gaba ya waiwayo. Da muka iso mahaɗar Jega ta sauka don ta nemi motar Fagada, ni kuma na tsaya wajen mahauci na sayi tsire mai yawan yaji, na tafi gida na ce wa yara uwarsu ta ci jarrabawa.